Karen Pavlov da Tsumagiyar Malam

Duk wanda ya yi karatun koyarwa a Kano, a Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ne ko a Jami'ar Bayero, ya san labarin karen Pavlov. Da wuya a yi jarrabawar ilimin halayyar ɗan Adam tambayar ba ta fito ba: a kaɗa ƙararrawa, a ba kare nama, a yi ta maimaitawa, har ta kai da jin ƙararrawa kawai yawu ya tsinke masa. Ɗalibi ya haddace, ya juye a takarda, ya ci maki, ya karɓi shaidarsa ta NCE ko digiri. Ranar da aka miƙa masa aji kuwa, sai ya bar karen a cikin littafi, ya nemi tsumagiya. A ganina wannan ka'ida da muke yi wa kallon tatsuniyar Turawa ta fi kowace fayyace abin da tsumagiyar nan take koya wa yaro, wanda sau da yawa ya yi hannun riga da abin da malam ya nufa. Zan kuma kafa hujja da Shahuci, unguwar da tarihin ilimin zamani a birnin Kano ya ratsa ta tsakiyarta.

Abin da Pavlov ya gani

An haifi Ivan Pavlov a garin Ryazan na ƙasar Rasha a 1849, ya rasu a 1936. Bai ɗauki kansa masanin halayyar ɗan Adam ba. Fagensa shi ne yadda sassan jiki suke aiki, kuma a kan binciken narkar da abinci ya sami kyautar Nobel a 1904. A ɗakin gwajinsa da ke St. Petersburg akan yi wa kare ɗan aiki a kunci, a sa bututu, yadda za a iya ƙirga ɗigon yawun da yake fitarwa. A nan ne shi da ɗalibansa suka lura da wani abu da ya fara zame musu cikas: karnukan suna fara zubar da yawu tun kafin abinci ya shiga bakinsu, da sun ga kwano ko sun ji takun mai kawo shi. Maimakon ya kawar da kai, sai Pavlov ya mai da wannan cikas aikin sauran rayuwarsa. Ya gabatar da sakamakon farko a wani taron likitoci a Madrid a 1903, littafinsa kuma ya fito da Ingilishi a 1927. Ƙararrawar da ta yi suna ma ba ita ya fi amfani da ita ba. Ya fi dogara da wata na'ura mai bugun ƙas-ƙas da makaɗan Turai suke daidaita kiɗa da ita, da hasken fitila, da taɓa fatar dabbar.

Tsarin abin mai sauƙi ne. Akwai abin da yake motsa jiki tun daga halitta, ba sai an koya ba, kamar nama a baki, ko zafi a fata, ko ƙara mai firgitarwa. Akwai kuma abin da ba shi da wata ma'ana ga dabbar, kamar bugun na'ura. Idan wannan na biyu yana zuwa gab da na farko, sau da yawa, sai ya zama alama, jiki ya riƙa amsa masa tun kafin ainihin abin ya iso. Mu kira wannan koyo ta hanyar alaƙantawa. Mai karatu ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya gaskata. Ka tuna tsamiya ko lemon tsami yanzu, ka ji abin da bakinka zai yi. Jaririn da bai taɓa ɗanɗana su ba ko a jikinsa. Mai kiwon tattabaru a soron gidansa ya san cewa ƙarar dawa a cikin gwangwani ta isa ta sauko da su daga sama.

Pavlov ya gano wasu halaye huɗu na irin wannan koyo. Na farko, jiki yana yin kuɗin goro: karen da ya saba da wani sauti zai amsa wa duk mai kama da shi. Bahaushe ya riga shi faɗa, da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na biyu, ana iya koya masa tantancewa, idan sauti ɗaya ne kullum yake zuwa da nama, ɗayan kuwa ba ya zuwa da komai. Na uku, sabon yana dushewa idan alama ta yi ta zuwa ba tare da abin da take nuni gare shi ba. Na huɗu, dushewar nan ba gogewa ba ce, domin bayan an huta kwana biyu martanin yakan farfaɗo. Mutanen cikin birni sun san waɗannan halaye a jikinsu. Bayan harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, an daɗe fashewar taya ko faɗuwar kwano tana sa gaban mutane faɗuwa. A hankali abin ya lafa, amma har yau akwai wanda ƙara ɗaya ta ba-zata takan mai da shi wancan yini.

Daga kare zuwa jariri

Wanda ya ɗauko ka'idar ya kai ta kan ɗan Adam shi ne John B. Watson na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka. A 1913 ya yi shelar cewa ilimin halayya ya daina lalube a cikin zuciya, ya tsaya ga ɗabi'ar da ido yake gani, ake iya aunawa. Wannan ita ce mazhabar ɗabi'ar zahiri. A 1920, shi da Rosalie Rayner suka buga rahoton gwajin da suka yi da wani jariri da suka laƙaba wa suna Albert. Da farko yaron ba ya tsoron farin ɓera, har hannu yake kai masa. Yana da wata 11 suka fara buga sandar ƙarfe da guduma a bayan kansa duk lokacin da ya ga ɓeran. Bayan haɗi bakwai, ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka da rarrafen gudu. Tsoron ya kuma shafi zomo da kare da rigar gashi. An fitar da yaron daga asibitin ba tare da an cire masa tsoron ba.

Yau babu jami'ar da za ta yarda a yi irin wannan gwaji, kuma masana sun nuna raunin hujjar da aka gina a kan yaro ɗaya tak. Amma binciken da ya biyo baya, a kan dabbobi da mutane, ya tabbatar da ginshiƙin maganar, wato tsoro abu ne da ake koyo, kuma yana manne wa duk abin da yake kusa a lokacin da zafi ya sauka. A 1924 Mary Cover Jones ta nuna ɗaya fuskar. Ta sami wani yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara 3, mai tsananin tsoron zomo. Sai ta riƙa ajiye zomon a keji daga nesa yayin da yaron yake cin abin da yake so, kullum tana ƙara matso da shi kaɗan, wani lokaci kuma a gaban yaran da ba sa tsoronsa. A ƙarshe Peter ya taɓa zomon da hannunsa. Hanyoyin da likitocin ƙwaƙwalwa suke bi yau wajen magance firgici sun samo asali daga irin wannan aiki.

Darasi biyu a aji ɗaya

Yanzu mu shiga aji. Malamin da ya tsula wa yaro tsumagiya saboda ya kasa kawo bakwai sau takwas yana da lissafinsa: zafi zai sa yaron ya daina sakaci. Wannan lissafi na wata ka'ida ce daban, ta lada da hukunci, wadda Edward Thorndike da B. F. Skinner suka yi fice a kanta. Ko a can ma, Thorndike ya dawo a 1932 ya ce gwaje-gwajensa sun nuna hukunci bai kai lada ƙarfi ba wajen sauya ɗabi'a. To amma babbar matsalar ita ce, yayin da malam yake aiki da ka'idar hukunci, jikin yaron yana aiki da ka'idar Pavlov, ba tare da ya nemi iznin kowa ba. A daidai lokacin da zafin ya sauka, me yake gaban idon yaron? Allo, da lambobi, da littafi, da fuskar malam, da dariyar 'yan aji. Waɗannan su ne farin ɓeran. Bayan 'yan makonni, da an ce a fito da littafin lissafi, gabansa zai faɗi, tafin hannunsa ya jiƙe, abin da ya sani jiya da dare ya ɓace. Malam ya ga haka ya ƙara tabbata cewa yaron daƙiƙi ne, ya ƙara masa bulala, igiyar ta ƙara ɗaurewa.

Daga nan sai kuɗin goro ya shigo. Tsoron malamin lissafi ya zama tsoron lissafi, ya zama tsoron aji, ya zama tsoron makaranta. Nawa ne daga cikinmu, da gemu da furfura, muke cewa kanmu ba ya ɗaukar lissafi, alhali muna ƙirga ribar kaya a Kurmi ko Kwari da ka, ba tare da kuskuren naira ɗaya ba? Ƙwaƙwalwar ɗaya ce. Bambancin shi ne lissafin kasuwa ya zo tare da ciniki da fara'a, na aji kuwa ya zo da zafi.

Dubi kuma bakin ƙofa. A makarantu da yawa ƙararrawar safe tsohon wilin mota ne da aka rataya a bishiya, kuma bugunta yana nufin duk wanda yake waje zai sha bulala kafin ya shiga. Yarinyar da ta makara saboda ɗiban ruwa ko kai niƙa, in ta ji wannan bugu daga kan kwana, jikinta ya riga ya san fassararsa. Idan ta juya ta koma, tsoron ya sauka nan take, wannan sauƙi da ta ji kuma shi zai koya mata juyawa gobe. Mun yi niyyar maganin makara, mun ƙare da koyar da fashi.

Akwai wani binciken da ya kamata kowane shugaban makaranta ya sani. A 1968 Robert Rescorla ya nuna cewa haɗuwar alama da zafi kaɗai ba ta isa ba, sai in alamar tana ba da labari. Ɓerayen da girgizar lantarki take samu ko an yi sauti ko ba a yi ba, ba su koyi tsoron sautin ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna inda tsoron yake komawa a irin wannan hali: yana komawa kan wurin gaba ɗaya. Ma'anar wannan ga aji a fili take. Inda yaro ya san laifi kaza shi yake jawo hukunci kaza, yana da lokutan da hankalinsa yake kwance. Inda kuwa duka ya dogara ga yadda malam ya tashi da safe, ko ake yi wa aji duka jam'u saboda surutun mutum biyu, to ɗakin kansa shi ne ya zama abin tsoro, daga shiga har tashi. Shi ma Pavlov ya ga makamancin haka. An koya wa wani kare bambanta da'ira da siffar ƙwai, aka yi ta rage bambancin har ya gagari idonsa. Karen da aka sani da natsuwa ya koma haushi da fizge-fizge, har abin da ya iya a da ya ɓace masa. Haka yaron da ake tambayarsa abin da ba a koya masa ba, sannan a doke shi a kan rashin sani.

Abin da Shahuci ta koyar

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Bayan shekara shida, a 1909, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, a bayan ganuwa. Ba abin mamaki ba ne da iyaye suka yi ɗari-ɗari. Rubutun boko ya iso ne a hannu ɗaya da bindiga da haraji da rushewar mulkin da suka sani, don haka ya ɗauki warinsu. Babu yawan bayanin da zai iya wanke wannan wari cikin sauri.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Shahuci a 1928, a tsakiyar birni, kusa da fada da masallaci. A can 'ya'yan malamai da alƙalai suka sami Larabci da fiƙihu, waɗanda iyayensu suka amince da su, tare da lissafi da rubutun boko a inuwa guda. Makarantar elamantare ta Shahuci kuma ita ce ta fara ɗora Malam Aminu Kano a kan karatun zamani a farkon shekarun 1930, shi da yake ɗan gidan malamai ne, sannan Yusuf Maitama Sule ya shige ta a 1937. Dukansu biyu sun zama malaman makaranta kafin siyasa ta ɗauke su. Ba ina cewa Sarki da mashawartansa sun karanta Pavlov ba ne, kuma al'umma ba jariri ba ce a ɗakin gwaji. Amma hikimar ɗaya ce da ta Mary Cover Jones: abin da ake tsoro, a matso da shi a hankali, a ajiye shi kusa da abin da aka yarda da shi, har ƙyamar ta sassauta. Magabatanmu sun yi amfani da wannan hikima suka jawo iyaye zuwa makaranta. Abin kunya ne mu, da muka karanta ta a littafi har muka ci jarrabawa a kanta, mu juya ta baibai mu kori 'ya'yan.

Mu ma ai da bulala muka yi karatu

Wannan ita ce amsar da aka fi bayarwa, kuma ta cancanci a saurare ta, domin masu faɗinta mutanen kirki ne da suke ƙaunar malamansu. Sai dai masu wannan magana su ne waɗanda suka kai gaci. Ba a jin muryar abokan ajinsu da suka zame tun daga aji uku suka nufi tasha. Kowannenmu zai iya lissafo sunayensu, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka fi mu kaifin basira. Sannan in ka matsa wa mai maganar ya faɗi darasin da ya fi so har yau, galibi zai ambaci na malamin da ya ja shi a jiki.

Wasu kuma za su ce wannan ra'ayin Turawa ne. To, Muhammad ɗan Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 870 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa. Bai haramta horo ba, amma ya yi masa iyaka: kada ya wuce bulala uku sai da iznin uba, kada a yi shi cikin fushi, kada a taɓa fuska ko kai. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware fasali a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibai, tana kashe musu karsashi, tana koya musu ƙarya da ɓoye abin da yake zuciya don gudun hannu. Ya faɗi haka fiye da shekara 500 kafin a sa wa kare bututu a kunci. Kwarjinin malam daban, firgici daban. Yaro yakan yi shiru a gaban duka biyun, amma mai jin kwarjini ne kaɗai yake iya ɗaga hannu ya yi tambaya.

Iyakar ka'idar, da abin yi

Kada kuma mu wuce gona da iri kamar Watson, wanda ya yi alfaharin cewa in aka ba shi jarirai lafiyayyu zai mai da kowannensu likita ko ɓarawo yadda ya ga dama. A 1966 John Garcia ya nuna cewa halitta tana da nata sharaɗin: ɓera yana saurin alaƙanta ɗanɗano da tashin zuciya, ko da sau ɗaya ne, amma da ƙyar yake alaƙanta haske ko sauti da shi. Duk wanda ya taɓa cin wani abinci ya yi amai, ya ƙaurace masa shekara da shekaru, ya san wannan. Ka'idar Pavlov ba ta bayyana yadda yaro yake fahimtar nahawu ko warware matsala ba, balle niyya da hankali da zaɓi. Fagenta shi ne so da ƙi, natsuwa da fargaba. Amma wannan fage shi ne ƙofar sauran, domin zuciyar da take bugun tsoro ba ta ba ƙwaƙwalwa sararin aiki.

Saboda haka ga abin da nake ganin yana hannunmu. Malam ya raba kuskure da laifi. Wanda ya kasa amsa tambaya gyara yake bukata, kuma ba don ya iya aka kawo shi makaranta ba. Kada a mai da karatu kansa hukunci, irin a rubuta jimla sau ɗari ko a hana tara a zauna da littafi, domin hakan yana shaida wa yaro cewa littafi azaba ne. Dokokin aji su zama kaɗan, sanannu, masu aiki a kan kowa a kowace rana. Makonnin farko na aji ɗaya a cika su da waƙa da labari da kiran yaro da sunansa, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya riga ya tsorata da wani darasi a bi da shi hanyar Peter: a fara da tambayar da tabbas zai iya, a zaunar da shi kusa da abokin da ba ya tsoro, a ƙara nauyi sannu a hankali, kuma kada a karaya in tsoron ya farfaɗo bayan hutu, domin haka ɗabi'arsa take.

Iyaye ma da nasu kason. Uwar da take cewa za ta haɗa yaro da malam ya zane shi, ko ta kai shi a yi masa allura in bai yi shiru ba, tana shuka tsoron mutum biyun da yaron zai fi bukata a rayuwarsa. Kwalejojin horar da malamai kuma su kai ka'idar filin gwajin koyarwa. Mai duba ɗalibi ya lura da yara nawa ne suke ɗaga hannu, da yadda fuskokinsu suke sauyawa idan malam ya nufo su, ya kuma ba da maki a kan haka.

Ba na mance halin da malamin firamare yake ciki. Wanda aka tara wa yara har bakin ƙofa, ba kujera, ba littafi, albashi kuma ba ya kai shi tsakiyar wata, tsumagiya ce kayan aiki mafi araha a gare shi. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Doka tana iya kai yaro bakin ƙofar makaranta, amma zamansa a ciki ya dogara ga abin da jikinsa ya koya game da wurin. Don haka rage cunkoson aji da ɗaukar ƙarin malamai da sake horar da su suna cikin maganin tsumagiya, kuma ya kamata a ƙirga su a kasafi kamar yadda ake ƙirga bulo da kwano. Allah Ya ba malamanmu haƙuri da lada, Ya sa 'ya'yanmu su so karatu.